Gurbi Na Arba'in Da Bakwai

Gurbi na arba'in da bakwai aka fara taɓawa. Na san ranar, domin shagona na gyaran kayan lantarki yana kallon gidan Kanauchi, ɗan siririn titi ne kawai a tsakaninmu.

Shekara huɗu, kullum ƙarfe bakwai na safe, idan tsohuwa Sadae ta gama ajiye shinkafa da shayi a gaban hoton mijinta, sai waƙar masu dashen shinkafa ta fito ta tagarta. Da ita nake buɗe shago. Ran nan, kwana biyar da shiga sabuwar shekara, ina riƙe da ƙofa sai na ji wani kiɗan samari kamar ana dukan garwa. Aka kashe. Aka sake kunnawa. Shi ne dai. Sau huɗu tana gwadawa, sannan gidan ya yi tsit.

Ni na sayar musu da na'urar, don haka na san ta ciki da bai. Baƙar akwati ce mai nauyi, tana cin faifan waƙa ɗari uku a tsaitsaye cikin wani faranti mai juyawa. Kowane faifai da gurbinsa, kowane gurbi da lambarsa. Ka danna lamba, farantin ya juya, ya tsaya, waƙa ta taso. Marigayi Seiroku ya saye ta lokacin da likita ya ce idon matarsa ba zai kai baɗi ba. Ya ce tunda ba za ta iya karanta bayan kwali ba, sai ta riƙe lamba da ka. Hunturu guda suka kwashe a kai, yana kira tana haddacewa, shi kuma yana murza wani ɗan maɓalli yana shigar wa kowane gurbi suna, harafi bayan harafi. Tana masa tsiya, "Wa kake rubuta wa, tsoho? Makauniya?" Shi kuma ya ce, "Ke dai ki haddace." Da ya mutu sai ta yafa wa na'urar ƙyallen da yake ɗaura wa wuya, ya rufe gilashin gabanta.

Da hantsi ta kira ni a waya. "Tetsu, zo ka duba abin nan da ka sayar mana, ya haukace."

Na ɗauki jakata na tsallaka. Ɗanta Norihisa, wanda ya dawo daga Tokyo da matarsa bayan rasuwar uban suka tare a saman bene, shi ya tare ni tun kafin in cire takalmi.

"Yi haƙuri, Mashiko-san, an tashe ka a banza. Na'ura lafiyarta ƙalau." Ya rage murya, ya taɓa gefen kansa da yatsa. "Shekaru ne. Ka gane."

"Bari dai in leƙa, ba abin da zan karɓa."

"In ka shiga kunya za ta ji. Mu rufa mata asiri."

Ya sunkuya, na sunkuya, na juyo. Na gaya wa kaina ba a shiga tsakanin ɗa da uwa. Ku riƙe wannan a kaina, domin ni ma ina cikin waɗanda nake zargi a labarin nan.

Abin da ya gudana a cikin gidan, wani ta taga na ji shi, wani Sadae ce ta faɗa mini, wani kuma Chizuru matar Norihisa ce ta faɗa da bakinta daga baya. Farkonsa ba mugunta ba ce. Ranar babbar sharar ƙarshen shekara Norihisa ya ɗaga na'urar don a goge ƙarƙashinta, ya karkata ta, faya-fayai huɗu ko biyar suka zube a ciki. Ya mayar da su yadda ya ga dama, har ya cusa wani nasa a gurbin da ya ga babu komai. Magana ɗaya ta ishe shi: Mama, ni na zubar, yi haƙuri. Bai faɗa ba.

"Norihisa, wa ya taɓa mini arba'in da bakwai?" ta tambaye shi suna karin kumallo.

"Wa zai taɓa, Mama? Tun can wannan ne a ciki."

"Ubanka ne zai sa wannan hayaniyar? Mutumin da ko ƙarar injin wanki ba ya so?"

"To ko lambar kika kuskure."

"Ban kuskure ba."

"Jiya ma haka kika ce a kan silifas ɗinki."

Ta yi shiru, cokalin miya a hannunta. Chizuru ta ce ta ga fuskar tsohuwar ta canza, ta kuma ga mijinta ya tsaya yana kallon wannan canjin kamar wanda ya tsinci kuɗi a hanya.

Ga abin da ya tsinta. Gidan da filinsa da sunan Sadae suke, hatiminta kuma yana cikin aljihun rigarta. Wani kamfanin gini ya daɗe yana zuga Norihisa a rushe tsohon gidan a gina ɗakunan haya shida. Sau uku yana kawo maganar, sau uku tana cewa, "Bayan an fitar da ni da ƙafafu a gaba." Amma idan hukuma ta rubuta cewa hankalinta ya gushe, za a ba ta gado a gidan tsofaffi da ke bayan gari, hatimi kuma ya koma hannun babban ɗa.

Daga nan sai faya-fayai suka fara yawo. Duk ranar da Chizuru ta kai ta wanka, Norihisa ya buɗe na'ura ya sauya biyu ko uku. Ba da yawa ba, don kada abin ya yi kama da aikin hannu. Ta danna sha biyu tana jiran mace mai waƙar rabuwa, sai ga mai barkwanci yana ba da labarin ɓarawo. Ta danna ɗari biyu da sittin, sai ga sarewa. Wata rana lambar ta yi daidai, gobe ta ƙi. Abin da ya fi cinye ta ke nan. Da duka suka lalace lokaci guda, da ta san ba ita ba ce.

A ƙarshen wata suka cire marfin murhun gas. "Don kada ki manta da wuta, Mama." Ba ta taɓa mantawa da wuta ba. Suka karɓe makullin ƙofa. "Don kada ki fita ki ɓata." Matar da aka kawo unguwar nan amarya tun kafin a sa wa titin kwalta. Tukunyar dusa da take tsuma kabeji da gurji a ciki, wadda take juyawa da hannunta kowace safiya shekara hamsin, Chizuru ta zubar a shara.

"Ina tukunyata?"

"Ta yi tsami, Mama. Kin manta ba ki juya ta ba."

"Jiya na juya ta."

"To, to. Kin juya ta. Zo mu ci abinci ko? Yauwa, buɗe baki."

"Chizuru, ido na rasa, ba hannu ba. Ba ni sandunana."

Amma ta faɗe shi ne a hankali, ba da muryar da na sani ba.

Kowa a gidan da hujjarsa, kuma ba wanda hujjarsa ta hana shi barci. Norihisa ya shigo shagona sayen batir, ya jingina da kanta yana sauke numfashi. "Ba ka san wahalar da muke sha ba, Mashiko-san. Gidan nan katakon ya ruɓe. In girgizar ƙasa ta zo, wa zai fitar da ita? A can akwai ma'aikatan jinya dare da rana. Don ita nake yi." Chizuru ta ce ita matar ɗa ce, ba ta da baki a harkar gidan Kanauchi, abin da aka ce ta yi take yi. Wakako, 'yar tsohuwar da ke aure a Sendai, uwar ta kira ta a waya ta ce ana mata wasa da faya-fayai. Wakako ta ce, "Haba Mama, wa yake da lokacin wannan? Yaya ne yake tare da ke, shi ya fi sani. Ki daina ba su wahala." Sannan ta aiko mata da kwalin alewa.

Ni kuma hujjata ita ce ni mai gyaran rediyo ne, ba alƙali ba.

A watan biyu ta fara kiran kanta tsohuwar banza. Ta daina zuwa taron tsofaffin unguwa, don kada ta yi kuskure a gaban mutane. Idan za ta yi magana sai ta fara da, "Wataƙila na manta, amma..." Ta rame har rigar ɗumi ta zama kamar an rataya a ƙusa. Wata safiya na hango ta ta taga tana zaune gaban na'urar, rimot a cinyarta, leɓenta na motsi tana jera lambobi, ba ta danna ko ɗaya ba. Daga ranar kiɗa ya ɗauke daga gidan. Kwana goma sha ɗaya na ƙirga. Ina buɗe shago da ƙarar motar kwashe dusar ƙanƙara.

Rana ta goma sha biyu, bayan abincin rana, ƙofar shagona ta buɗe. Sadae ce, ita kaɗai, ta fito ta ƙofar kicin, tana dogara lemar mijinta, silifas ɗin ɗaki a ƙafarta sun jiƙe sharaf.

"Tetsu, taku nawa ne daga ƙofata zuwa nan?"

"Ban taɓa ƙirgawa ba, Sadae-san. Zauna kusa da hita."

"Ashirin da uku. Bara ma ashirin da uku ne." Ta lalubo kujera ta zauna. "Zan tambaye ka, ka faɗa mini gaskiya. Kai ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa har yau ba ka yi arziki ba. Faifai yana da ƙafa?"

"Ba shi da ita."

"Na'urar tana iya ɗaukar sa daga gurbi ta kai shi wani?"

"Ba ta iyawa. Inda ta ɗauko, nan take mayarwa."

Ta gyaɗa kai. "Jiya na ce bari in taɓa ta sau ɗaya kafin su kai ni. Na rage muryar gaba ɗaya don kada su ji su yi mini dariya. Da babu waƙa sai na ji farantin kansa. Ka san yana da kuka idan yana juyawa? Daga ɗaya zuwa arba'in da bakwai numfashi biyu ne da rabi, sannan ya ce ƙwas. Shekara huɗu ina jin wannan kowace safiya, bayansa kuma sai masu dashe su ɗauka. Jiya ma numfashi biyu da rabi ne. Ƙofar da nake ƙwanƙwasawa ita ce dai, Tetsu. Mutumin ciki aka canza."

Na ce, "Wa kike zargi?"

"Kada ka tambaye ni abin da ka sani. Ni na haife shi."

Na sunkuyar da kai, na gaya mata ranar da ta kira ni na zo har bakin ƙofa na koma.

"Na ji ka," ta ce. "Takalminka na hagu yana ƙara. Na ji ya zo, na ji ya tafi."

Ban sami abin cewa ba. Ita ma ba ta sauƙaƙa mini ba, ta bar ni na tsaya cikin kunyata har ta gama ɗumama hannu.

"Ranar Alhamis ma'aikaciyar ofishin gari za ta zo ta auna hankalina. Ka zo da jakarka. In ya tare ka, ka ce mai gida ce ta kira ka. Har yanzu ni ce."

A nan wani abu ya faɗo mini. Na ce, "Sadae-san, kin tuna sunayen da Seiroku-san yake murzawa a ciki?"

"Wannan shirmen nasa?"

"Na'urar nan ba ta san faifai ba, gurbi ta sani. Sunan da aka ba gurbi yana nan a gurbin, ko me aka cusa a ciki daga baya. Ba ya fitowa a gilashi sai an danna wani ɗan maɓalli a gefe. Norihisa yana Tokyo lokacin, ban jin ya san da shi. Sai dai ban yi miki alkawari ba. In an taɓa barin ta ba wuta na tsawon lokaci, ta yiwu duk sun goge."

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta miƙe. "In sun goge, ni ban goge ba. Ka zo dai."

Ranar Alhamis ƙarfe goma na tsallaka. Norihisa ya tare ƙofa kamar wancan karon, ya fara, "Yau muna da baƙuwa, Mashiko-san..." Na ce, "Mai gida ce ta kira ni." Na cire takalmi na wuce ta gefensa. Shekarata hamsin da biyu, ban taɓa shiga gidan mutum ba tare da an ce in shigo ba sai ranar.

Ma'aikaciyar, wata matashiya mai suna Togashi, tana durƙushe a kan matashi da takardu a cinyarta. Sadae ta sa rigarta ta fita unguwa, ta zauna a miƙe. Aka tambaye ta sunanta, shekarunta, yau wace rana, me ta ci da safe. Ta amsa duka.

Norihisa ya yi murmushin tausayi. "A gaban baƙi tana ƙoƙari, Togashi-san. Sai kin zauna da ita. Ga misali. Na'urar can, da ta san kowace lamba da ka. Ki ce ta faɗi abin da ke cikin wata lamba, sannan a kunna, ki ji da kunnenki."

Da bakinsa ya nema. Ni dai na kalli tabarma.

"Kin yarda, Kanauchi-san?" in ji Togashi.

"Na yarda. Arba'in da bakwai. Waƙar masu dashen shinkafa."

Ta danna. Farantin ya juya, ya ce ƙwas, kiɗan garwa ya cika ɗakin. Norihisa ya buɗe hannuwa. Chizuru ta kalli butar shayi. Togashi ta ɗaga biro.

"Kada ki rubuta tukuna, 'yata," in ji Sadae. "Mijina ya raɗa wa gurbin nan suna. Ya kira shi Tashi Ki Sha Shayi. Tetsu, ɗaga ƙyallen."

Na ɗaga ƙyallen Seiroku, na naɗe shi, na danna ɗan maɓallin. Hannuna yana rawa, ba zan ɓoye ba. Gilashin ya yi ƙiftawa biyu, sannan koren rubutu ya fito. Togashi ta matso ta karanta da ƙarfi, "Tashi Ki Sha Shayi."

"Mene ne wannan?" in ji Norihisa.

Na yi masa bayanin da na yi wa uwarsa, a taƙaice. Sunan gurbi ba ya bin faifai. In suna da waƙa sun saɓa, hannu ne ya raba su.

"Dace ne kawai. Guda ɗaya ai kowa zai iya..."

"Sha biyu," in ji Sadae. "Ba Na So, Tana So."

Na murza. Togashi ta karanta. Haka yake.

"Ɗari biyu da sittin. Mai Sa Ta Kuka."

Haka yake.

Togashi ta kira nata lambobin daga ka, guda goma, tana tsallake-tsallake. Duk suka faɗa daidai. Ta rufe bironta ta ce, "Ina ganin ya isa haka, Kanauchi-san."

"Bai isa ba. Wata biyu ana ce mini mahaukaciya a cikin gidana, ba za a wanke ni da lamba goma ba. Chizuru, ƙara mata shayi. Daga ɗaya za mu fara."

"Mama, baƙuwar tana da wasu gidajen zuwa."

"Kai ka gayyato ta. Ka zauna."

Ya zauna. Muka fara daga ɗaya. Ita tana faɗa, ni ina murzawa, Togashi tana karantawa. Na Ranar Ruwa. Mai Muryar Akuya. Wadda Muka Ji A Jirgin Ruwa. Kyautar Surukina, Kada A Kunna. A wannan Togashi ta kasa riƙe dariya, ta rufe baki da takarda. Tsohuwar ba ta yi murmushi ba, ba ta sha ruwa ba, muryarta sai ƙara ƙarfi take yi.

Da muka zo ɗari da uku ta dakata.

"Wannan a kunna shi," ta ce. "Sunansa Ranar Da Aka Haifi Nori. Ita ake sawa a rediyon asibiti lokacin da aka miƙa wa ubanka kai. Shekara biyu yana neman faifan kafin ya samu."

Togashi ta karanta sunan a hankali. Na danna. Farantin ya juya ya tsaya, hannun na'urar ya shiga ya lalubi gurbin, ya dawo ba komai. Ya sake. Shiru.

Chizuru ce ta fashe. Ta kifa goshi a tabarma ta ce guda goma sha tara ba sa cikin gidan, ya kai su shagon 'yan gwanjo don a sami gurabun da za a ce ta manta. Ta ce ta gani, ta yi shiru. Ta ce tukunyar dusa ma lafiyarta ƙalau ranar da ta zubar.

Norihisa ya ce, "Mama, ban san wannan ba ne. Ban karanta ba. Ni dai so nake ki samu inda za a kula da ke, gidan nan..."

"Ɗari da huɗu," in ji Sadae.

Muka ci gaba. Sa'a biyu da kwata muka yi. A cikin ɗari uku ta yi kuskure ɗaya: ta juya ɗari biyu da sha biyu da ɗari biyu da sha uku, wasu masu barkwanci biyu da Seiroku ya kira Mai Tari da Mai Minshari. Da Togashi ta gaya mata, sai ta ce, "Waɗannan tun yana da rai nake haɗa su. Ki rubuta, kada a ce an yi mini alfarma."

Togashi ta rubuta abin da ta rubuta, ta sunkuya wa tsohuwar har ƙasa, ta fita. A bakin ƙofa ba ta amsa gaisuwar Norihisa ba.

Da ɗakin ya rage mu huɗu, Sadae ta miƙa tafin hannu. "Makullina. Da marfin murhu."

Aka kawo.

"Yanzu ka durƙusa gaban na'urar. Tetsu zai riƙa karanta maka suna, ni in gaya maka faifan, kai ka mayar da kowa gidansa."

"A gaban baƙo, Mama? Me unguwa za ta ce?"

Ta miƙe, ta lalubi bango har taga, ta zuge ta gaba ɗaya. Iskar teku mai sanyi ta shigo ta watsa takardun kan tebur.

"Wata biyu unguwa tana jin an ce na haukace," ta ce. "Bari ta ji sauran."

Ya durƙusa. Sai da rana ta karkata muka gama. Abu na farko da ta kunna shi ne arba'in da bakwai, ta ƙure murya har mai sayar da tofu na ƙarshen layi ya leƙo.

Kada wani ya ɗauka an gama lafiya. Ba ta kori ɗanta ba, shi ya kwashe kayansa kafin furanni su buɗe, yana gaya wa mutane uwarsa ta cika taurin kai. Wakako ta kira ta ce ai da ma ita ba ta yarda ba. Chizuru tana zuwa ranar Asabar, ta kawo sabuwar dusa, tsohuwar tana barin ta ta shigo amma ba ta barin ta ta taɓa tukunyar. Naman da ya zube bai dawo ba. Kuma har yau, takan kira ni a waya ta ce, "Tetsu, yau Talata ce ko?" Sai in ji ta riƙe numfashi har in ce e. Wannan ba ta yi shi a da ba. Wannan shi ne abin da suka sace, kuma babu shagon gwanjon da za a je a fanso shi.

Na nemo mata goma sha takwas daga cikin faya-fayan da suka ɓata. Na goma sha taran ma na samo inda ake sayarwa, ta hana ni. Ta ce, "Wanda ya cire shi zai mayar." Gurbi na ɗari da uku yana nan wayam, da sunansa a kai.

Ban yi karatu mai zurfi ba, gyaran waya na koya a tsaye, amma na san wannan: ba sai da duka ake kashe tsoho ba. Ka ce masa ya manta, ka maimaita kullum da murya mai taushi, shi da kansa zai haƙa ramin ya kwanta. Masu yin haka ba dodanni ba ne, suna sunkuya maka da safe, suna ware shararsu ranar da aka ce. Kuma ba su iya yi su kaɗai. Sai da 'yar da ta aiko alewa maimakon ta hau jirgi, da matar da ta ce ba ta da baki, da maƙwabcin da ya zo har ƙofa ya juya don ladabi. Ladabin da ya sa na bar makauniya wata biyu a hannun mai wasa da hankalinta, tsoro ne na yi masa wanka na sa masa riga.

Sadae ta tsira domin wani tsoho ya ɓata hunturu guda yana rubuta wa makauniya abin da ba za ta taɓa karantawa ba. A layinmu kaɗai akwai tsofaffi bakwai. Ba ko ɗaya a cikinsu da ke da shaida mai gurbi ɗari uku. Idan gobe aka tare ku a ƙofa aka taɓa gefen kai da yatsa aka ce shekaru ne, ku cire takalmanku ku shiga.